Turi da Fasa Makulli: Matsayin Musayar Fayiloli a Dokar Haƙƙin Mallaka, Daga Kasuwannin Yauri Zuwa Gaɓar Tafkin Kainji

A kasuwannin ƙasar Yauri, tun daga Yelwa da Bin Yauri har zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da ƙauyukan Shanga da ke bin gaɓar kogin Kwara, akwai wata sana'a wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, amma ta zama babbar hanyar da fim da waƙa da wa'azi suke bi su isa hannun jama'a, wato sana'ar turi. Mai turi, wanda galibi matashi ne, yakan zauna a rumfa ko ƙaramin shago da kwamfuta da janareta ko farantin sola, sau da yawa yana haɗawa da cajin waya, a miƙa masa waya ko memori da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuma ya cika ta da fina-finan Hausa da na Indiya masu fassara da waƙoƙi da karatun malamai. Masunci ko manomin albasa da ya haye ruwa daga tsibiri ranar kasuwa yakan koma gida da abin kallon da zai kai shi wata kasuwar, a can kuma ya tura wa maƙwabtansa ta Xender ko Bluetooth ba tare da an taɓa intanet ba. Dalilin bunƙasar sana'ar a wannan yanki a fili yake, domin data tana da tsada a kan abin da talaka yake samu, sabis yana da rauni a tungaye da tsibirai, wutar lantarki kuma ba ta tsaya ba a ƙauyuka da dama, duk da cewa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 kuma ruwanta ya tashi dubban mutanen yankin daga matsugunansu na asali, tana nan a ƙarshen tafkin da suke zaune a bakinsa.

Tambayar ko wannan aiki ya halatta a doka ba ta da amsa guda, saboda abin da ido yake gani kamar aiki ɗaya ne, doka ta raba shi gida uku. Akwai na'ura ko manhajar da ake turin da ita, akwai shi kansa kwafin da ake yi da rarraba shi ga wasu, sannan akwai fasa makullin da mai abu ya ɗora a kan abinsa don hana buɗewa ko kwafa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da hukuncinsa, kuma yawancin ruɗanin da ake samu, ko a bakin masu cewa duk turi sata ne ko a bakin masu cewa abin da ya shiga waya ya zama na kowa, daga cakuɗa su yake tasowa.

Haƙƙin mallaka, a ma'anar da doka take nufi, shi ne ikon da mai ƙirƙirar littafi ko waƙa ko fim ko zane ko shirin rediyo da talabijin yake da shi, na wani ƙayyadadden lokaci, na hana wasu kwafar aikinsa ko rarraba shi ko nuna shi ga jama'a sai da izininsa. Tsarin ya samo asali ne daga Ingila, inda dokar farko ta irinsa ta fara aiki a 1710, kuma ta hannun mulkin mallaka ya shigo Nijeriya, lokacin da aka shimfiɗa dokar Birtaniya ta 1911 a kan ƙasar. Gwamnatin soja ta maye gurbinta da dokar 1970, sannan da ta 1988, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar da a yau ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wato NCC. Ita dokar 1988 an rubuta ta ne a zamanin kaset da injin buga littattafai, saboda haka ba ta san waya mai memori ba, balle intanet. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ita ce ta farko da ta ambaci ɗora aiki a intanet da fasa makullin fasaha da sunansu. A ƙarƙashinta haƙƙin littafi da waƙa yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na fim da na sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitar da su, kuma ba sai an yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata. Ke nan littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna cikin kariya har ƙarshen 2051, waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har ƙarshen 2069, alhali rubuce-rubucen Shehu Abdullahi na Gwandu sun daɗe da zama na kowa, sai dai fassara ko sharhin da wani ya yi musu a wannan zamani, wanda yake da nasa haƙƙin daban.

Game da na'ura da manhaja, maganar gajeriya ce. Babu abin da ya haramta Xender ko Bluetooth ko memori, domin da su ne ake tura hoton biki da takardar makaranta da karatun da mai shi ya sake wa duniya. Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan ƙa'ida tun 1984 a shari'ar kamfanin Sony, inda ta ce ba a kama mai ƙera bidiyo da laifin abin da masu saye suka naɗa matuƙar na'urar tana da amfani mai yawa na halal. Inda kotuna suka juya wa masu fasaha baya shi ne inda mai hidimar ya san ana keta haƙƙi kuma yana cin riba ko yana kiran mutane zuwa gare shi, kamar yadda ya faru da dandalin musayar fayiloli na Napster, wanda aka kafa a 1999 kuma umarnin kotu ya durƙusar da shi a 2001, da takwaransa Grokster a 2005, da kuma mutane huɗu masu alaƙa da shafin The Pirate Bay, waɗanda wata kotun Suwidin ta yanke wa ɗaurin shekara guda a 2009.

Gida na biyu, wato kwafi da rarrabawa, shi ne ya fi shafar rumfar turi, kuma a nan ne ake bukatar lura da wani bambanci da mutane da yawa ba sa kula da shi. Wanda ya sayi kaset ko faifai na asali ya ara wa ɗan'uwansa, ko ya sayar da shi bayan ya gama kallo, bai ƙara yawan kwafin da ke duniya ba, abu ɗaya ne ya sauya hannu. Amma wanda ya tura fayil bai rabu da nasa ba, sabon kwafi ne ya haifa a wayar wanda aka tura wa, kuma yin sabon kwafi yana daga cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai haƙƙi. Wannan ne ya sa hujjar da ake yawan kawowa, cewa ai turi kamar aro ne tsakanin maƙwabta, take da ƙarfi a al'ada amma ba ta tsaya da ƙafarta a gaban alƙali.

Duk da haka dokar ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Sashe na 20 ya ware abin da ake kira amfani bisa adalci, wato amfani da aikin wani ba tare da izini ba don buƙatar mutum ta kansa, ko bincike da nazarin da ba na kasuwanci ba, ko suka da sharhi, ko ba da labarin abin da ke faruwa, ko kwaikwayo na barkwanci. Sashen ya kuma gindaya ma'aunai huɗu da kotu za ta duba, waɗanda suka haɗa da manufar amfanin da yanayinsa, da irin aikin da aka taɓa, da yawan abin da aka ɗiba idan aka gwada da dukkan aikin, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar aikin. Ɗalibin da ke karatu a Yelwa ya ɗauki hoton wasu shafuka na littafin da ba ya samuwa a kusa don shirin jarrabawa yana da mafaka mai kyau a wannan sashe. Wanda ya mayar da waƙoƙin faifan da ya saya zuwa wayarsa don ya ji a cikin jirgin ruwa shi ma hujjarsa ba ta da rauni. Amma wanda ya ɗauki fim sukutum ranar da ya fito ya watsa shi a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane ya faɗi a ma'auni na uku da na huɗu, ko da bai karɓi ko kwabo ba, domin rashin karɓar kuɗi ba ya mayar wa mai fim cinikin da ya rasa.

Karɓar kuɗi kuwa shi ne yake ɗaga al'amarin daga ƙarar neman diyya zuwa laifin da hukuma take gurfanarwa a kansa. Sashe na 44 ya tanadi tarar da ba ta gaza naira 10,000 ba a kan kowane kwafi, ko ɗauri na shekaru, ko duka biyun, ga mai yin kwafin jabu don sayarwa da mai sayar da shi, ya kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ga wanda ya ɗora aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izini ba. Idan aka bi lafazin dokar, mai turin da kwamfutarsa take ɗauke da dubban fina-finai da waƙoƙin da bai sayi izininsu ba yana fuskantar tarar da ta ninka jarinsa sau da yawa. Sai dai ba duk abin da ke cikin kwamfutar ba ne yake da hukunci ɗaya. Wa'azi da huɗuba suna cikin abin da dokar ta kare, amma malamai da yawa su da kansu suke roƙon a yaɗa karatunsu, kuma izinin mai abu yana kawar da laifi. Haka mawaƙan zamani da dama suna sakin waƙa kyauta domin abin da suke nema shi ne suna da gayyatar biki da taron siyasa. Fina-finan Indiya masu fassarar Hausa kuwa suna da sarƙaƙiya ta musamman, domin fassara da sauya murya aiki ne da ke buƙatar izinin mai fim ɗin asali, saboda haka mai fassarar da bai samu izinin ba yana cikin matsayi mai wuyar karewa idan ya zo yana kukan an kwafi aikinsa.

Gida na uku, wato fasa makulli, shi ne sabon abu a dokar Nijeriya. Makullin fasaha shi ne duk wata dabara da ake sakawa a cikin faifai ko manhaja ko siginar tauraron ɗan'adam don kada a buɗe abin ko a kwafe shi sai da izini, kamar katin dikodar DStv da GOtv da StarTimes, da lambar da ake buɗe Windows da ita, da tsarin da yake hana fitar da fim daga manhajar da ake biyan kuɗin kallo. Yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, wato WIPO, ta 1996 ce ta wajabta wa ƙasashe su kare irin waɗannan makullai, Amurka ta aiwatar da ita a dokarta ta DMCA a 1998, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar a watan Oktoba na 2017, sannan ta zuba ta a sashe na 50 na dokar 2022. Abin da ya bambanta wannan hukunci shi ne cewa fasa makullin laifi ne mai zaman kansa, ko an kwafi abu bayan fasawar ko ba a kwafa ba, kuma dokar ta fi tsananta wa masu ƙera kayan fasawar da masu shigo da su da masu sayarwa da masu yi wa jama'a wannan hidima don kuɗi. A gaɓar Kainji wannan yana nufin mai gyaran dish da yake saka wa dikoda wata manhaja don ta buɗe tashoshin kuɗi ba da biya ba, da gidan kallon ƙwallon da yake nuna wasannin Turai ta irin wannan hanya, da mai gyaran kwamfutar da yake ɗora manhajar da aka fasa. Kama tashoshin da masu su suka sake kyauta a sararin samaniya ba ya cikin wannan, tunda babu makullin da aka taɓa.

Tun daga farko masana shari'a sun yi ta sukar wannan tsari, kuma sukar tana da tushe. Makulli ba ya tantance niyyar mai buɗewa, saboda haka yana hana ɓarawo, yana kuma hana mai gaskiyar da ya biya kuɗinsa. A 1999 wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, ya shiga cikin waɗanda suka fitar da manhajar DeCSS mai buɗe faifan DVD, aka gurfanar da shi, kotuna biyu kuma suka wanke shi a 2003 bisa hujjar cewa ba laifi ba ne mutum ya buɗe faifan da ya saya da kuɗinsa, alhali kotunan Amurka sun hana yaɗa wannan manhaja ɗin a ƙarƙashin DMCA. Dokar Nijeriya ta zo bayan an ga waɗannan rigingimu, kuma za a iya cewa ta ɗauki darasi, domin ta rataya haramcin fasa makulli a kan keɓance-keɓancen da ta riga ta bayar, ta kuma soke duk wani sharaɗin kwangila da yake neman hana abin da ita ta halatta. Misali mafi bayyana shi ne na makafi, waɗanda dokar, bisa yarjejeniyar Marrakesh, ta ba da damar a mayar musu da littafi zuwa sauti ko rubutun makafi ba tare da jiran izini ba. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a yankin da aka daɗe da sanin cutar makantar kogi a gaɓoɓinsa.

Asarar da ake magana a kanta ba ta kamfanonin ƙetare ba ce kawai, kuma tarihin fim ɗin Hausa shaida ne. Masana'antar da ta faro a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta ginu ne a kan sayar da kaset, sannan faifai, ta hannun dillalan Ƙofar Wambai da Bata, kuma kamar yadda masani Brian Larkin ya nuna a bincikensa kan Kano, hanyoyin da aka shimfiɗa don kwafar fina-finan Indiya da Amurka su ne fim ɗin Hausa ya hau ya kai ƙauye. Wato kwafi ne ya gina kasuwar, kuma kwafi ne ya rusa ta lokacin da waya ta maye gurbin faifai, har furodusoshi suka karkata zuwa shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda kuɗinsu yake fitowa daga talla a YouTube da tashoshi irin Arewa24. A wannan sabon tsari, fim ɗin da mai turi ya sauke sau ɗaya ya raba wa mutum ɗari, kallo ɗaya ne a lissafin YouTube, duk da cewa mafi yawan mutum ɗarin nan ba su da datar da za su kalla da kansu, saboda haka ba kowane kwafi ba ne cinikin da aka rasa. Marubutan littattafan Hausa da suka koma sayar da labaransu a zaurukan WhatsApp, waɗanda yawancinsu mata ne, su suka fi kowa rauni, tunda ba su da makullin fasaha, kuma abin da yawancinsu suke dogara da shi shi ne gargaɗin rashin yafewa da suke rubutawa a farkon shafi.

Wannan gargaɗi yana nuna cewa a zukatan jama'a alƙalin farko addini ne kafin kotu. Al'adar ilimi ta ƙasar Hausa ta ginu ne a kan kwafar littafi da hannu, kuma ba a san ɗalibi yana biyan mawallafi kafin ya kwafa ba, shi ya sa wasu malamai, musamman daga cikin Hanafawa, suka ga cewa ilimi ba haja ba ne, kuma wanda ya sayi littafi ya mallaki ikon yin abin da ya ga dama da shi. Amma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a keta su. Wannan ya dace da usulin mazhabar Malikiyya, wadda take ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya kamar yadda take ɗaukar shi kansa abin. Da wuya kwafi ya cika sharuɗɗan satar da ake yi wa haddi, tunda ba a fitar da komai daga ma'ajinsa ba, amma rashin haddi bai kawar da zunubin cin haƙƙi ko wajibcin biya ba.

Ko da mai haƙƙi ya so ya kai ƙara, kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare da ke kusa da shi ba ita ce wurin ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa haƙƙin mallaka cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron shari'o'insa, wanda ga mutumin Wara ko Shanga yake nufin tafiyar sa'o'i ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, da kuɗin lauyan da ya fi abin da ake jayayya a kai. Sabbin makaman da dokar 2022 ta kawo, irin su tilasta wa kamfanin intanet ya sauke abin da aka yi ƙorafi a kansa da ikon NCC na toshe shafi, an ƙera su ne don abin da yake bi ta intanet, alhali turin wannan yanki daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Samame kuwa, inda aka yi shi, yakan ƙare ne a kan matashin da ya fi kowa ƙaramin jari a cikin jerin masu hannu a harkar, kuma washegari wata rumfar ta buɗe. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a ɗauki mai turi a matsayin dillali, a sayar masa da izini ta hannun ƙungiyarsa a kan farashin da kasuwar ƙauye za ta iya ɗauka, kuma dokar ta riga ta tanadi hanyoyi biyu da za su iya ɗaukar wannan nauyi, wato ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi a madadin masu shi, irin su MCSN a fannin waƙa da AVRS a fannin fim, da kuma harajin da ake iya ɗorawa a kan kayan da ake kwafi da su.

Mutanen gaɓar Kainji ba masu karɓa ba ne kawai, su ma suna da abin da ake kwafa. Waƙoƙin fada na gidan Dandawo, musamman na Sani Aliyu Dandawo wanda sunansa yake haɗe da Yauri, suna yawo a memori da YouTube a tashoshin da ba lallai ne suna da alaƙa da iyalinsa ba, alhali haƙƙin waƙa dukiya ce da ake gada. Haka bikin Rigata na Yauri, da tseren jirage da kokawa da raye-rayen Gungawa da Kambari, ana ɗaukarsu a waya a ɗora a TikTok da Facebook, wasu har su samu kuɗin talla a kansu. Dokar ta ba mai wasa da mawaƙi ikon hana a naɗi wasansa a yaɗa ba da yardarsa ba, ta kuma ware wani babi don kare fasahar gargajiya, wato waƙoƙi da raye-raye da tatsuniyoyi da zane-zanen da al'umma ta gada ba tare da an san wanda ya fara su ba, daga amfani na kasuwanci a wajen muhallinsu na al'ada. Sai dai ikon ba da izinin amfani da wannan fasaha ba a hannun masarautar Yauri ko dattawan al'ummar da ta gaje ta dokar ta sa shi ba, a hannun Hukumar NCC ta sa shi, wadda hedikwatarta take Abuja.